Nobe, na'ana'a da citta: abin sha bayan cimaka da iyakar amfaninsa

A ƙasar Adar, daga Tebaram zuwa Takanamat, daga Afala zuwa birnin Tawa, da wuya a gama tuwon dare ba a ga buta bisa gawayi ba. Manomi ya dawo daga gona, makiyayi ya dawo daga kiwo. An ci tuwo da miyar kuka, ko dafaffen wake, ko an sha fura da nono. Jim kaɗan sai wani ya ce cikinsa ya yi nauyi. Wani ya kumbura. Wani gyatsa ta tsaya masa ga ƙirji. Sai a ce yaro ya hura wuta, a ɗora ruwa.

Abin da za a zuba cikin ruwan nan shi ne zance. Akwai ganyaye masu ƙamshi da ke sauƙaƙa ma ciki, kuma wasunsu suna nan cikin daji kyauta. Amma kowane yana da gwargwadonsa, yana da lokacin shansa. Akwai kuma ciwon cikin da ba ya jin ganye, wanda jinkiri a kansa yake kashe mutum. Ya kamata mai gida da uwar gida su san bambancin.

Me ke kawo nauyin ciki da kumburi?

Ciki da hanji nama ne mai motsi. Suna matsa cimaka, suna tura ta gaba sannu-sannu. In mutum ya wuni da yunwa a gona, sannan ya ci da gaggawa, yana haɗiye iska tare da loma. In ya cika ciki fiye da kima, cimaka tana daɗewa ba ta wuce ba. Nama mai kitse, irin na Layya ko na suna, ya fi kome daɗewa cikin ciki. Don haka kukan ciki ya fi yawa da kaka lokacin tumu da sabon gero, da watan azumi wajen buɗa baki, da ranakun Salla.

Wake kuma yana da nasa hali. Akwai wani irin sukari cikinsa wanda hanjin mutum ba ya iya narkarwa. Sai ƙananan halittun da ke zaune cikin babban hanji su cinye shi, su fid da iska. Iskar nan ce ke kumbura ciki. Mace mai dabara tana jiƙa wake tun da dare. Da safe ta zubar da ruwan jiƙon, ta dafa shi da sabon ruwa har ya yi laushi. Wanga kaɗai yana rage kumburi.

Ƙamshin da ake ji ga wasu ganyaye, wani mai ne ɗan kaɗan da ke cikinsu. In ya shiga ciki yana sassauta naman hanji. Murɗa ta lafa, iska ta samu hanyar fita. Akwai kuma riba ta biyu: ruwan an tafasa shi. Ruwan rijiya ko na tabki in ya tafasa, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sun mutu.

Nobe, hakin da ke bakin ƙofa

Nobe haki ne mai ƙamshi. Yana fitowa dunƙule-dunƙule a arewacin Adar da cikin Azawak, inda ruwan sama ba shi da yawa. Bisashe ba su damu da shi ba sai kiwo ya yi wuya. Mutane suna rufin ɗaki da shi. Abzinawa suna kiransa teberemt. Wanda ya saurara da kyau zai ji sunan ya yi kusa da sunan garin Tebaram.

Ba a nan kaɗai anka san darajarsa ba. Larabawa suna kiransa izkir. Malamai sun san labarinsa. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya hana yanke tsirran haramin Makka, baffansa Abbas ya roƙi a keɓe izkir, don mutane suna amfani da shi ga ɗakuna da kaburbura. Kuma anka keɓe shi. A Sudan suna dafa shi suna sha don ciwon ciki. A Masar har ƙwayar magani ake yi da shi, don murɗa da tsakuwar ƙoda.

Ruwan nobe yana lafar da murɗa, yana fid da iska, yana kuma sa fitsari. Ɗan kaɗan ya isa. Mace mai ciki ta bar shi sai ta haihu.

Na'ana'a da ɗoɗɗoya

Na'ana'a ƴar lambu ce. Bayan farin 1984, gwamnatin shugaba Seyni Kunce ta matsa a yi noman rani ko'ina cikin ƙasa. Lambuna sunka yawaita a bakin rijiyoyi da tabkuna, irin na Tabalak. Duk mai lambu yana iya ba na'ana'a ɗan fili. Ba a biɗar iri. Reshe guda ake dasawa wuri mai ɗan inuwa, a riƙa ba shi ruwa, ya yaɗu da kansa. Ko cikin tsohuwar tasa, kusa da randa, tana rayuwa.

Likitocin ƙasashe da dama sun gwada man na'ana'a. Sun tabbatar yana rage murɗa da kumburi. Amma tana da sharaɗi guda. Akwai wata ƴar ƙofa tsakanin ciki da hanyar maƙogwaro. Na'ana'a tana sassauta ta ita ma. Mai ƙwannafi in ya sha, ruwan tsamin ciki ya ƙara hawo masa, ƙirji ya ƙara zafi. Mai ƙwannafi ya bar na'ana'a. Ya rage yawan cin dare, kuma kar ya kwanta nan da nan bayan ya ci.

Ɗoɗɗoya ƴar'uwar na'ana'a ce. Tana fitowa da damina a bayan gidaje da gefen gonaki. Ana jiƙa ganyenta kamar yadda ake jiƙa na'ana'a.

Citta da kanumfari

Waɗanga biyu na saye ne. Citta mai yatsu, mafi yawanta a kudancin jihar Kaduna ta Najeriya ake noma ta, wajen Kaciya da Kafancan. Ƴan kasuwa suna bi da ita ta Sakkwato da Ƙonni har ta iso Tawa. Kanumfari kuwa daga nesa yake zuwa: Zanzibar, Madagaskar da Indonesiya.

Citta tana taimakon ciki ya tura cimaka gaba da wuri. Tana kuma kwantar da tashin zuciya. Ita ce ta fi dacewa bayan an ci nama mai kitse. Mace mai ƙaramin ciki da amai ya dama tana iya shan ta, amma kar ta wuce rabin ƙaramin cokali na garinta a wuni. Kanumfari yana da ƙarfi ƙwarai. Ƙwaya 2 ko 3 sun isa buta guda. Citta da kanumfari in sun yi yawa suna ƙona ciki, musamman ga mai gyambon ciki.

Geza, wadda anka raina

Kowane ɗan Adar ya san geza. Tana bisa tudu da faƙo tare da sabara. Ana saƙa rumbu da kujera da tsumagunta. Mutane kaɗan ne a nan sunka san ganyenta abin sha ne. A Senegal da Mali suna kiranta kinkeliba. Ana sayar da ita ɗauri-ɗauri a kasuwa. Da ruwanta suke karya kumallo, da shi suke buɗa baki da azumi. Tun zamanin mulkin mallaka Faransawa sunka sa ta cikin littafin magungunansu, don taimakon narkewar cimaka da sa fitsari.

Ganyen geza in ya bushe yana ja. Ruwansa ma ja ne kamar na shayi, ga ɗan bauri. Ba ya hana barci, kuma ba a kashe ko dala wajen samunsa.

Yadda ake haɗawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dafa ganye mai ƙamshi har ya gaji. In ƙamshi ya cika gida, to amfanin ya tafi cikin iska. Ga yadda ya kamata a yi:

1. Ganye mai laushi, wato nobe, na'ana'a da ɗoɗɗoya, ba a dafa shi. A tafasa ruwa rabin litar. A sauke. A zuba abin da yatsu uku sunka ɗauka, ko ɗan fiye da haka in ganyen ɗanye ne. A rufe buta. A jira minti 5 zuwa 10. A tace.

2. Abu mai tauri, wato citta da kanumfari, ana dafa shi. A daka citta kamar gaɓar yatsa guda. A zuba cikin ruwa rabin litar. A bar shi ya tafasa minti 10, buta a rufe.

3. Geza: busasshen ganye cikin tafin hannu guda ga ruwa litar 1. A tafasa minti 10 zuwa 15.

4. Babba ya sha finjali 1 ko 2, da ɗumi, sannu-sannu. Abin da ya kwana a zubar da shi.

5. Kar a haɗa ganye iri-iri cikin tukunya guda. In wani ya ɓata ma mutum ciki, ba za a san wane ne ba.

Sukari kuma a yi hankali da shi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce sukari gram 50 a wuni, wato kamar ƙaramin cokali 12. Ta ce rabin haka ya fi. Mai zama wajen shayi safe da rana da dare yana wuce wanga awo bai sani ba. Nobe da na'ana'a suna shayuwa da ƙwayar sukari guda, ko babu ma.

Shayi da ƙarancin jini

Shayin da ake zubawa finjali uku baƙo ne. Daga ƙasar Sin ganyensa yake fitowa. Ya biyo ta Maroko da hamada kafin ya iso Azawak da Adar. Yau ya zama na kowa: dattijo a zaure, samari a fada, ƴan biɗa a Abijan. Yana ɗebe gajiya, yana haɗa zumunci. Amma yana da wani aibi da ido ba ya gani.

Jiki yana yin jini da wani sinadari da likitoci ke kira ƙarfe. Yana cikin gero, wake, ganyen miya, nama da hanta. Baurin nan da ake ji ga shayi yana kama ƙarfen cikin hanji, ya hana shi shiga jiki. A 1975 likitoci a Afirka ta Kudu sunka gwada. Sunka tarar wanda ya sha shayi tare da cimaka ya yi hasarar fiye da rabin ƙarfen da jikinsa zai ɗauka. Wani gwaji na 1999 ya nuna ruwan wani irin na'ana'a ma yana yin haka. A 2017 kuma, a Ingila, anka gano in an jira awa 1 bayan cin cimaka kafin a sha shayi, hasarar tana raguwa ƙwarai.

Wanga zance ya shafi kowane gida. Binciken lafiya da anka yi a duk faɗin Nijar a 2012 ya nuna cikin yara 100 masu wata 6 zuwa shekara 5, guda 73 suna da ƙarancin jini. Cikin mata 100 kuma, guda 46. Masassarar sauro da tsutsar ciki da ƙarancin cimaka mai gina jiki su ne manyan masu laifi. Amma bai kamata buta ta ƙara musu ƙarfi ba.

Dabarar ba ta cin kuɗi. In an gama ci, a jira awa 1 kafin a sha shayi ko ruwan ganye. Wanda ya yi tuwon dare bayan magariba, ya jira sai bayan lisha. Mace mai ciki da ke shan ƙwayoyin ƙarin jini na wajen awo, ta haɗiye su da ruwa tsabtatacce, ba da shayi ba. Lemun tsami, tumatir da garin ƴaƴan kuka kuwa, suna taimakon ƙarfe ya shiga jiki. Su ne na ci tare da cimaka.

Waɗanda ba na wasa ba

Filasko ba abin shan bayan tuwo ba ne. Maganin wankin ciki ne mai ƙarfi. Yana murɗa hanji, yana zubar da ruwan jiki. Mai yawan shan shi, hanjinsa yana sabawa har ya kasa aiki sai da shi. Ba a ba yaro, ba a ba mai ciki. Wanda cikinsa ke ciwo ba a san dalili ba, filasko yana iya ƙara masa hatsari.

Tazargade da fatake ke kawowa daga arewa tana da ɗaci da ƙarfi. Ba ta shan kullum ba ce. Mace mai ciki ta nisance ta.

Kanwa tana kwantar da tsamin ciki na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma ƴar'uwar gishiri ce. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai kumburin ƙafa su guje ta. A shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya sunka lura da wani abu. Mata masu jego da yawa da ke shan kunun kanwa kullum, tare da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gadon wuta, suna kamuwa da ciwon zuciya da kumburin jiki.

Jariri kuwa, daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba ruwa, ba bauri, ba ruwan ganye. Ruwan ganye yana cika masa ciki ya rage shan nono, kuma ta nan zawo ke shiga. In yana kukan ciki, uwa ta ɗora shi ga kafaɗa bayan ya sha, ta shafa bayansa har ya yi gyatsa.

Lokacin ajiye buta

Nauyin ciki na yawan ci yana wucewa cikin dare guda. Wanda bai wuce ba wani abu ne dabam. In an ga ɗaya daga cikin alamun nan, a ajiye buta, a biɗi amalanke ko mota, a nufi gidan likita:

1. Aman jini, ko bayan gida da jini, ko baƙi kamar kwalta.

2. Ciwo mai tsanani a ƙasan ciki ta hannun dama, tare da masassara da amai.

3. Ciki ya yi tauri kamar allo, ko ya kumbura, babu bayan gida, babu fitar iska.

4. Ƙaba ta fito ta ƙi komawa, tana zafi.

5. Ido ya yi rawaya, irin na shawara.

6. Masassara ta wuce kwana 2 tare da ciwon ciki.

7. Mutum yana ramewa, ko cimaka tana tsaya masa ga maƙogwaro.

8. Ciwon ciki ga mace mai ciki, ko da jini ko babu.

Na biyu, na uku da na huɗu sau da yawa aikin tiyata suke biɗa. Likitan ƙauye zai aika da mutum babban asibitin Tawa. Hanya tana da nisa, kuma da damina tana da wuya. Don haka wanda ya tsaya gwada saiwa kwana biyu, ya ci lokacin da zai cece shi.

Gyambon ciki ma yana warkewa. A da ana cewa yaji da tunani ke kawo shi. A 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sunka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ciki. Ita ce ke haddasa mafi yawansa. A 2005 anka ba su babbar kyautar Nobel saboda wanga aiki. Likita yana da magungunan kashe ta. Ganye yana lafar da zafi kawai, ƙwayar tana nan. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake talla bisa faranti a kasuwa su ma suna cin bangon ciki. Manomin da ke haɗiyarsu kullum da safe don ƙarfin noma yana saye ma kansa gyambo.

Zawo kuma ba a tsai da shi da shayi. Abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake samu a gidan likita, ƙunshi guda cikin ruwa litar 1. In babu, a haɗa a gida: tafasasshen ruwa litar 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ci gaba da ba yaro nono da cimaka, a kai shi likita ya samu ƙwayar zink. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. In zawon fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, wagga alamar kwalara ce. Ta shiga jihar Tawa a 2021. Ita ba ta jiran wayewar gari.

A kiyaye daji

Ganyen da za a sha, a tsinke shi nesa da gonar da anka yi ma feshi, nesa da juji da bakin hanyar mota. A wanke shi. A shanya shi cikin inuwa bisa tabarma, don rana tana kore ƙamshi. In ya bushe a zuba cikin tulu ko gwangwani mai murfi. Ba a ajiye shi cikin abin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari. Wanda ya yi funfuna a zubar.

Nobe da lauje ake yanke shi, a bar gindin. Saiwarsa ce ke riƙe ƙasa ga iska da ruwa. Wanda ya tumɓuke shi ya samu na bana, ya hana na baɗi. Geza ma ganye ake tsinka, ba a sare ta daga tushe. Farin 1973 da na 1984 sun nuna ma mutanen Adar yadda daji ke ƙarewa in ba a kula da shi ba.

Ciki mai nauyi, maganinsa yana kusa: a ci sannu, a jira awa 1, a sha finjali guda na nobe, na'ana'a, citta ko geza. Ciki mai jini, mai tauri ko mai masassara, nasa yana gidan likita. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, a zaure, a bakin rijiya da wajen shayi. Allah ya ba da lafiya.